Kular da Aka Ɓoye Saboda Allon Suna

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum direban janwe, wato motar da ke jan motocin da suka mutu a hanya. Ba zan ambaci sunansa ba. Malaman da suka karantar da mu sun kasance suna bayyana aiki su sakaya mai aikin, ni kuwa ban taɓa ganin dalilin saɓa musu ba.

Motar gadon mahaifinsu ce, shi da ƙanensa. Shi ke tuƙi, ƙanen ke ɗaura sarƙa, sannan ya zauna a motar da ake ja ya riƙe sitiyari. Gida biyu take ciyarwa. Mahaifin ya shekara ashirin yana jan ƙananan motoci da ita, bai taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba.

Da ta dawo hannun babban ɗan, sai ya fara karɓar manyan ayyuka, yau bas, gobe motar yashi. Ya sa aka ƙera masa faffaɗan allon tagulla mai ɗauke da laƙabinsa, Gagara Tudu, aka ɗaure shi a gaban motar, daidai kan ragar da iska ke shiga. Kowace safiya da hannun rigarsa yake goge shi.

To, giyar motar irin mai sauya kanta ce, da mai take aiki. Idan kaya ya yi nauyi man yakan yi zafi, idan zafin ya wuce kima sai giyar ta saki. Shi ya sa masu jan kaya suke ƙara wa mota wani ɗan lagireto na man giya, wanda suke kira kula. Mutumin ya san da haka, ya tafi garejin wani tsohon bakanike, aminin mahaifinsu.

Tsohon ya ajiye kula biyu a kan benci, ya dafa babbar. Ya ce, "Ga taka. Amma wurinta gaba, inda iska za ta dake ta. Allon nan sai ya sauka."

Mutumin ya yi dariya. "Haba Baba, in cire sunana in rataya ragar gasa nama?"

"Ɗana, sunanka ba ya jin zafi. Man giya ne ke ji."

Ƙanen ya sa baki, "Yaya, a mayar da allon saman gilashi mana, can ma ai ana gani."

"Ran da ka fara tuƙi sai mu nemi shawararka."

Tsohon bai bar shi haka ba. Ya kawo masa labarin wani mai janwe da ya toshe gaban motarsa da fitilu, giyarsa ta ƙone a wata na uku. Ya kawo na wani da ya ɗaura kula kwance a ƙarƙashin mota, laka ta like ta. Ya tuna masa cewa mahaifinsu ko labulen ado bai yarda a rataya a wannan raga ba. Shaidu uku ke nan, ya 'yan uwa. A wace shari'a ake neman fiye da haka?

Sai mutumin ya ɗauki ƙaramar kular ya fita. Ya sami garejin da ake yi wa mutum abin da ya ce ba tare da tambaya ba, aka cusa masa ita a bayan bamba, kusa da salansa, wato bututun hayaƙi, inda iska ba ta ratsawa. Daga waje motar ta yi kyau ƙwarai.

Gargaɗi bai yanke ba. Man giyar, wanda launinsa ja ne, ya koma ruwan ƙasa. Matarsa ta ce kayan aikinsa ƙauri suke yi in ta zo wanki. Ƙanen ya ce yana jin motar tana jinkiri a kan hawa. Duk ya ji, duk ya ce hassada ce ko tsoro.

Wata rana da tsakar rana, ana zafi, aka kira su jan motar yashi da kayanta. Injinta ya mutu, don haka birkinta ma, da yake na iska ne, ba ya kamawa. Ƙanen ya shiga ya riƙe sitiyari. A gabansu akwai doguwar hawa.

Sun ci rabinta sai giyar ta saki. Injin yana kuka, taya ba ta juyawa gaba. Yayan ya taka birki, amma birkin mota ɗaya ba ya riƙe biyu. Suka fara komawa baya. Motar yashi ta faɗa kwari ta kife, man giya ya malalo kan salansa, janwe ta kama wuta. Shi ya yi tsalle ya tsira ba ko ƙwarzane. Ƙanen sai da aka yanka ƙarfe aka zaro shi. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Na ziyarci gidan. Na tarar da yayan ya goyo ƙanen daga ɗaki zuwa inuwar ƙofar gida, kamar yadda yake yi kowace safiya. Ƙanen yana tsokanarsa, "A hankali Yaya, akwai 'yar hawa a bakin ƙofa." Bai taɓa ce masa na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Yayan ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, da zai zage ni da na sami sauƙi."

Ya 'yan uwa, wannan mutum ba jahilci ne ya kayar da shi ba. Ya san babbar kular ce daidai, ya san inda ya kamata ta zauna. Girman kai ne ya sa ya fifita abin da ido ke gani a kan abin da ke riƙe rai, kuma wanda ya ba shi shawara ne ya ɗauki raunin. Mu nawa ne a nan aka gaya mana gaskiya muka ƙi, don kawai daga bakin na ƙasa da mu ta fito? Wa ke zaune a bayanmu ya amince da tuƙinmu?

Allah ya kiyaye mu daga girman kai, ya ba mu kunnen jin nasiha tun tana da amfani, kada ya sa wani ya cutu ta dalilinmu. Amin.