Maigidan da Ya Fasa Tsakar Gidansa

Akwai wani mutum mai suna Irmiya, gidansa sassa biyu ne. Shi da matarsa suna babban sashe. A can ƙarshen tsakar gida kuma akwai ɗakuna biyu: ɗaya na mahaifiyarsa, tsohuwa wadda ƙafafunta suka raunana, ɗaya kuma ya ba wani tela haya, sunansa Zakka, ya mai da shi shago.

Tun lokacin da ake zuba siminti, wayar intanet guda ɗaya tak aka binne tsakanin sassan. Daga baya buƙata ta ƙaru. Irmiya ya so a sa kyamara a ɗakin tsohuwa domin matarsa ta riƙa ganinta a allo, ko da ita matar tana aikin gida. Zakka kuma ya roƙi a ba shi layi, domin masu kawo ɗinki suna turo masa hotuna. Amma Irmiya bai so layin ɗan haya ya gauraya da na iyalinsa ba.

Ƙanwarsa Briskila, wadda haɗa intanet ne aikinta, ta ce ba sai an binne wata waya ba. Ta kawo ƙananan akwatuna biyu da ake kira suwic, irin waɗanda ake iya koya wa doka, ta sa ɗaya a kowane bakin wayar. Ta koya musu cewa duk saƙon da zai shiga waya sai an buga masa lamba: na kyamara da tasa, na tela da tasa, na iyali da tasa. Akwatin da ke ɗaya bakin sai ya karanta lambar, ya miƙa wa mai ita. Haka layi uku suka riƙa bin waya ɗaya, ba wanda yake ganin na wani. Ta bayyana wa yayanta duk wannan. Ya yi ta gyaɗa kai, bai gane ba, kunya kuma ta hana shi ya ce ƙanwarsa ta maimaita.

Ana nan, wata rana Zakka ya ce layinsa yana nauyi. Irmiya ya tuna ya taɓa ganin wani ya tsokani ɗan rami a bayan wata na'ura, ta kuwa warke. Sai ya tsinko tsinken tsintsiya, ya je wurin akwatin da ke sashen baya, ya zura shi a ɗan ramin bayansa, ya danna ya riƙe. Fitilun akwatin suka mutu, suka dawo kore shar. Ya koma ɗakinsa yana murna.

Daga nan gida ya rikice. Hoton tsohuwa ya ɓace, allo ya yi baƙi. Waƙar da Zakka yake ji a shago ta fara fitowa a talabijin ɗin falo. Zakka da kansa ya zo ya ce, cikin ladabi, hotunan bikin 'yar maigida sun bayyana a kwamfutarsa, bai san ta inda suka shigo ba. Irmiya ya dube shi, ya yanke a ransa cewa wannan mutum ya daɗe yana leƙen asirin gidansa. Ya ce masa ya nemi wani shago.

Amma korar tela ba ta dawo da hoton tsohuwa ba. Irmiya ya duba akwatin nan, kore. Ya duba wancan, kore. Ya tsaya a tsakiyar gida ya ce wa matarsa, "In waya ta yanke, ta ina waƙar tela take biyowa? In kuwa ba ta yanke ba, ina Mama ta shiga?" Matar ta ce ya kira Briskila. Ya ce a'a, lalle ɓera ne ya ci rabin wayar a ƙarƙashin ƙasa. Ya aro diga, ya kama fasa siminti.

Yana cikin fasawa, tsohuwa ta tashi za ta ɗauki ruwa, ta faɗi. Ta yi ta kira. Kyamara ba ta nuna ba, ƙarar diga kuma ta danne muryarta. Zakka ne, yana ɗaure kayansa, ya ji nishi ta bango. Ya shiga ya ɗaga ta, hannunta ya riga ya karye.

Da Briskila ta zo duba mahaifiyarsu, ta ga rami daga wannan ƙofa zuwa waccan, da waya kwance a ciki lafiya lau. Ta haɗa kwamfutarta da akwatin baya, ta ɗago ta ce, "Yaya, wa ya taɓa wannan?"

Ya faɗa mata. Ta ce tsinken ya sa akwatin ya manta duk abin da aka koya masa. In saƙo mai lamba ya zo, bai san ta ba, sai ya yar. Na tela da na kyamara kuwa ya zuba su wuri ɗaya ba lamba, suka faɗa layin iyali, allon da yake jiran lambar kyamara kuma bai sami komai ba.

Irmiya ya ce, "Amma fitilun kore ne."

Ta ce, "Fitila tana nuna akwai wuta ne kawai, Yaya, kuma waya tana haɗe. Ba ta nuna akwatin ya san aikinsa."

Ta sake koya masa dokar, komai ya koma wurinsa. Irmiya ya je ya roƙi Zakka gafara. Zakka ya yafe masa, amma ya riga ya sami wani shago, ya tafi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: wayar nan ranka ne, guda ɗaya Allah ya ba ka. Sha'anin kasuwa, da na gida, da na ikkilisiya, duk ta cikinsa suke bi. Akwatin nan zuciyarka ce, dokar kuwa Maganar Allah ce, wadda take koya wa zuciya ta san abin da yake na wane. In zuciya ta manta, ba a gani daga waje. Mutum yana zuwa sujada, yana waƙa, fitilarsa kore. Amma fushin da ya ɗauko a kasuwa matarsa yake miƙa wa, asirin abokinsa ya kai shi bakin titi, kukan mai buƙatarsa kuwa ba ya isowa kunnensa sam. Sai ya ruɗe, ya zargi maƙwabci, ya rushe abin da ba shi da laifi.

Wataƙila a cikinku akwai wanda gidansa ya rikice, ya rasa dalili. Rashin ganewa ba zunubi ba ne, girman kan da yake hana tambaya shi ne yake jawo hasara. Ubangiji wanda ya koya wa zuciyarka da fari yana nan, ba ya kuwa gajiya da maimaitawa. Ka kira shi yau, tun kana da sauran wanda za ka roƙa gafara ya zauna.