Ranar da iska ta kai Tijmen tsakiyar teku

Akwai wani saurayi mai suna Tijmen a garinmu Ouddorp, nan bakin tekun Holan. Shekarunsa goma sha tara, kuma tun yana ɗan shekara tara yake wasan lema a kan ruwa: ya tsaya kan allo, iska ta cika lemar, ta ja shi da igiyoyi har ya tashi sama.

Ba shi da wata hira sai ta iska. Duk bazara yana soya dankali a wata rumfa don ya sayi kayan wasa. Ya iya ƙwarai, kuma abin takaici, ya san ya iya.

Saura kwana uku a yi babbar gasar da ya shekara yana jira, sai ya ƙudura zai gwada wani sabon tsalle a ɓoye, kada abokan takara su gani. Ya ce wa mahaifiyarsa zai je shago sayo burodi, ya tuƙa motarsa zuwa wani lungun gaɓa da ba a cika zuwa ba.

A wajen ajiye motoci ya haɗu da Marloes, wata ma'aikaciyar jinya da suke ƙungiyar wasan lema ɗaya. Ta zo duba ruwa ne kafin ta tafi aiki. Ta faɗa masa iskar yau daga tudu take kaɗawa zuwa teku, in wani abu ya faru ba gaɓa za ta kawo shi ba. Ta roƙe shi ya jira yamma su shiga tare.

Ya yi dariya. "Ke dai je ki ba tsofaffinki magani, 'yar'uwa. Tsoron nan naki ne ya hana ki cin ko kofin shayi."

Ta shiga motarta ta tafi.

A tsalle na uku igiya ɗaya ta tsinke. Lemar ta murɗe, ta maka shi da ruwa, kafaɗarsa ta dama ta goce. Allon ya yi nasa wuri. Ya yi ƙoƙarin naɗe sauran igiyoyin da hannu ɗaya, suka harɗe masa ƙafa.

Ruwan watan Oktoba ne. Sanyi ya ratsa rigar robarsa, yatsunsa suka daina jin komai. Yana hango gaɓa, har da wani mutum da ke yawo da kare. Ya yi ta kira, iska na mayar masa da muryarsa. Mutumin ya juya ya hau tudu.

Gaɓar ta yi ta ƙanƙancewa. Ya rungume lemar da ke yawo a kan ruwa, ya daina iyo, don babu amfani. Ya tuna mahaifiyarsa na can tana jiran burodi. Babu wanda zai neme shi kafin yamma. Ya yi kuka har ya gaji.

Ita kuwa Marloes ta kusa isa asibiti, tana ta tafasa da maganarsa, amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta kira wurin aiki ta ce za ta makara, ta juya. Da ta hau tudun yashi ba ta ga lema a sama ba, ga kuma motarsa a inda ya bar ta. Nan take ta kira masu ceto.

Sai da ya yi awa ɗaya da rabi a ruwa kafin jirginsu ya same shi. Ko sunansa bai iya faɗa ba.

Washegari ta leƙo shi a gadon asibiti. Likita ya riga ya ce masa ya manta da gasar bana, ta baɗi ma sai an ga yadda kafaɗar ta yi. Ya kasa haɗa ido da ita. Da ƙyar ya tambaye ta me ya dawo da ita bayan abin da ya faɗa mata.

Ta ce, "Na ji haushi, Tijmen, har yanzu ma ina ji. Amma haushina bai kai in bar ka a teku ba."

Ta gyara masa bargo, ta koma bakin aikinta.

Wata bakwai ke nan, har yau hannun bai ɗagu sama da kafaɗa ba. Mahaifiyarsa ce ke taya shi saka riga.

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana mutum buƙatar mutane. Kada ka wulaƙanta mai yi maka gargaɗi, kuma in kai aka wulaƙanta, kada fushi ya hana ka waiwayar wanda ke cikin haɗari. Ku tura wa duk matashin da kuka san yana ganin ya fi ƙarfin shawara.