Baƙon Farko na Gwaggo Tasalla

Wai Gwaggo Tasalla ta gyara ɗakin zaurenta don ta riƙa ba fatake haya ranar kasuwa. Sai ga Malam Ɗanbala, jami'in ƙaramar hukuma.

Ya ce, "Ba za a ba ki lasisi ba sai wanda ya taɓa barci a ɗakin ya ba da shaida. In kuwa wani ya yi barci a ciki ba ki da lasisi, kotu zan kai ku, ke da shi."

"To, ranka ya daɗe. Shigo ka duba, rana ta take."

Ta shimfiɗa tabarma, ta dama masa fura mai sanyi. Kafin la'asar sai minshari.

Da ya farka ta ce, "Barka da tashi, ɗana, ga shaida ta samu. Lasisin za ka rubuta, ko mu rankaya kotun tare?"

Ya hau laluben biro.