Mai Waldan Kafanchan Da Waya Ba Ta San Da Shi Ba

Akwai wani mai walda a garin Kafanchan mai suna Azariya, ko da yake mutanen unguwa Baban Caroline suke ce masa. Shagonsa yana kan hanyar Kagoro. Yana yin ƙofa da taga kamar kowane mai walda, amma inda ya fi gwaninta shi ne injin yanka citta. Shi yake ƙera shi tun daga ƙafafu har wuƙaƙe, kuma duk wanda ya taɓa aiki da injinsa ba ya kushe shi.

Aibinsa ɗaya ne. Ya san ya iya, don haka ba ya son kowa ya gyara masa magana.

Wata shekara ya ƙera inji shida yana jiran lokacin tonon citta. Da ya ji ana cewa kasuwa ta koma cikin waya, sai ya sa aka buɗe masa shafi a intanet. Da kansa ya zaɓi abin da za a rubuta. Ya raɗa wa shafin dogon suna na Turanci irin na manyan kamfanoni. Ya sa hotonsa cikin kwat ɗin da yake zuwa sujada da shi, ya harɗe hannu a ƙirji. Ƙarƙashin hoton aka zuba Turanci mai nauyi a kan nagarta da hangen nesa.

Ko sau ɗaya ba a ambaci citta ba, balle Kafanchan. Lambar waya ma sai mutum ya gangara can ƙasa kafin ya gan ta.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, Hellen, ƙanwar matarsa, ta zo cin abinci. Malama ce, tana koyar da kwamfuta a wata sakandare. Azariya ya miƙa mata waya yana murmushi.

Ta duba a natse, sannan ta ce, "Ya yi kyau, Baban Caroline. Amma wa zai same ka?"

"Kamar yaya? Ba ga shi a hannunki ba?"

"Kai ka buɗe min, don ka san sunan. Manomin da ke Kwoi ko Kachia bai san shi ba. Shi abin da zai buga shi ne injin yanka citta, ko mai gyaran inji a Kafanchan. Gugul kuwa abin da ka rubuta yake karantawa. Ba ruwansa da kwat."

Azariya ya yi dariya har da buga cinya.

"Hellen, ki tsaya a koya wa yara danna kwamfuta. Wannan harkar manya ce. Ba zan mai da shafina kamar allon mai kayan miya ba."

Matarsa Ƙauna ta kalle shi, ta kalli ƙanwarta. Hellen ta ci gaba da cin abincinta.

Lokacin tono ya zo ya wuce. Inji ɗaya kawai ya sayar, shi ma wa wani tsohon abokinsa. Sauran biyar ya lulluɓe su da tamfol a bayan shago. Kullum da safe ya ɗaga tamfol ya goge su, ya mayar.

Daga nan ya fara maganar tafiya Abuja, ya nemi aikin walda a wuraren gini. Duk ranar da ya ɗauko maganar, Ƙauna sai ta kalli yaran. Yaransu uku ne, ƙaramin bai ma fara makaranta ba.

Ana nan, wata rana da hantsi, wata a-kori-kura ta tsaya a gaban shagon. Mata huɗu suka sauko, a bayan motar kuma ga inji ɗaure da igiya. Babbarsu, wata dattijuwa mai suna Mama Bridget, ta ce daga Kwoi suke, ƙungiyar mata manoman citta. Wani direba ne a tasha ya kwatanta musu wurin.

"Ɗana, taimake mu. Wannan inji daga Legas muka sayo. Sati uku ya yi aiki, ya tsaya."

Azariya ya kwance shi. Ƙarfen ba kauri, wuƙaƙen duk sun lanƙwashe. Ya girgiza kai, ya ce su biyo shi baya. Ya yaye tamfol.

Mama Bridget ta ɗora hannu a ka.

"Yesu! Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Mama."

"A nan Kafanchan? Shekara biyu muna haɗa ƙarfi kafin mu sayi wancan. Ina kake?"

"Ina nan. Har shafi gare ni a intanet."

Sakatariyar ƙungiyar, Rachael, ta ciro wayarta. Ta ce kwana uku ta yi tana nema kafin su yanke shawarar Legas. A gabansa ta sake buga abin da ta buga a lokacin. Masu inji na Legas suka fito, na Kano suka fito, har na ƙasar waje. Ta wuce shafi na biyu, ta wuce na uku. Babu Azariya.

Ya karɓi wayar ya duba da idonsa. Abin da ya fi damunsa ba cinikin da ya rasa ba ne. Hannuwan Mama Bridget yake kallo, duk sun tsage da aikin gona, ya tuna shekara biyun da ta ambata. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce tsakaninsu.

Ya yi musu sababbin wuƙaƙe, ya ƙara wa injin ƙarfe, suka tafi suna sa masa albarka.

Ranar Asabar da safe ya hau babur ya tafi gidan Hellen. Ya same ta tana shanya kaya. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi makaranta, ya tambayi ɗalibai, har ta gane akwai magana.

A ƙarshe ya ce, "Malama, ranar nan na yi miki rashin kunya a gaban yayarki. Ki yi haƙuri. Na zo koyo."

Hellen ta yi dariya. "Yau ni ce Malama? To zauna."

Ba ta fara da kwamfuta ba. Takarda ta ɗauko, ta ce ya faɗa mata tambayoyin da mutane suke yi masa a shago, yadda suke faɗa da bakinsu.

Ya fara jerowa. Buhu nawa yake yankawa a rana? Da fetur yake aiki ko da wuta? In wuƙa ta dakushe, ina za a samu wata? Mace za ta iya tayar da shi ita kaɗai?

"Ka ga wannan," in ji ta, "shi ne shafinka. Abin da suke tambayarka da baki, shi suke tambayar waya. Masu ilimin abin SEO suke ce masa, amma ba wani sihiri ba ne. Ka yi magana da kalmomin masu nemanka, shi ke nan."

Suka canza kan shafin ya koma injin yanka citta a Kafanchan, da Hausa da Turanci mai sauƙi. Kowace tambaya ta samu amsarta. Suka cire kwat, suka sa hotunan inji marasa nauyi, yadda za su buɗe ko a ƙauyen da sabis ba ƙarfi. Lambar waya ta dawo sama. Ta sa shagon a taswirar Gugul, ta ce ya roƙi tsofaffin kwastomominsa su rubuta gaskiyar abin da suka gani.

Bayan sati biyu ya kira ta. "Malama, har yanzu shiru fa."

"Baban Caroline, wata nawa citta take yi a ƙasa? Ka ci gaba da rubuta amsoshi."

Ya ci gaba. Duk damina, da wani ya yi masa sabuwar tambaya, sai ya rubuta a bayan kwalin wayar walda, ran Asabar su ƙara a shafi. Wani satin ya ji kamar ɓata lokaci yake yi, amma bai fasa ba. A watan Satumba sunansa ya leƙo a ƙasan shafin farko na Gugul.

Farkon Oktoba yana cikin walda wayarsa ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Da Azariya mai inji nake magana? Sunana Alhaji Jamiluddeen, daga Jere. Citta nake saye ina busarwa. Na karanta inda ka ce wuƙa in ta dakushe kai za ka wasa ta. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Alhaji. Ka zo da cittarka ka gwada."

Alhaji ya zo da buhu guda. Aka tayar da inji, ya tsaya yana kallon yadda cittar take zubowa a yanke daidai. Ya ɗauki inji biyu. Bayansa aka kira daga Kachia, aka kira daga jihar Nasarawa. Kafin Kirsimeti bayan shago ya zama fili, Azariya ya koma sayen sabon ƙarfe. Maganar Abuja kuwa ba a sake jin ta a gidan ba.

Wata rana maƙwabcinsa Malam Hussaini kafinta ya leƙo, ya rage murya.

"Baban Caroline, tsakani da Allah, wa yake yi maka addu'a? Motoci sai tsayawa suke a ƙofarka."

Azariya ya ajiye gilashin walda, ya jawo masa benci, ya yago kwali.

"Zauna, Malam. Faɗa min, in mutum ya shigo shagonka, me yake fara tambaya?"

Darasi: Iya sana'a bai isa ba in mai nema ba zai same ka ba. In kana da shafi, rubuta abin da kake sayarwa da garin da kake, da kalmomin da mutane suke amfani da su, sannan ka yi haƙuri, abin yana ɗaukar watanni. Kada kuma girman kai ya hana ka sauraron wanda ya fi ka sani, ko da ƙanwar matarka ce. Ka tura wannan labari ga duk mai ƙaramar sana'a da ka sani, wataƙila yanzu haka wani yana nemansa a waya bai gan shi ba.