Femke da Tukunyar Maribel

Akwai wata mata mai suna Femke, a wata gonar tumatir ta rumfar gilashi a Westland, ƙasar Holan. An ba ta shugabancin masu tsinka, yawancinsu 'yan Sifen da Kolombiya. Mai gona ya gaya mata gaskiya: idan ma'aikatan nan suka ƙi dawowa baɗi, kujerar ba tata ba ce.

Femke ba raguwa ba ce. Ta duƙufa koyon Sifaniyanci, har a kan keke tana tafe tana bita. Amma in ta haɗa magana da gumin goshi, sai su ce "to", kowa ya juya ga aikinsa. Da ta ba da baya hira ta ɓarke. Abin ya riƙa ci mata rai.

Da rana sukan kewaye tukunyar shinkafa da wake ta Maribel, babbar cikinsu. Kullum sai sun kira Femke, kullum ta ɗaga burodinta da cuku ta ce ta gode, tana da nata. Su can Holan haka aka tarbiyyantar da su, ba ka faɗa wa abincin mutane. Ita a ganinta ladabi take yi.

Kaka ta zo ƙarshe, haƙurinta ma ya ƙare. Ta tare Maribel, ta ce ta wahala ta koyi yarensu saboda su, me kuma suke so?

Maribel ta dube ta, ta ce, "'Yata, yaren kam kin iya. Amma kullum muna kiranki kina ƙi. Mun ɗauka ƙyamar abincinmu kike yi."

Ranar Femke ta zauna ta ci har da ƙari, tana kwaɓa magana suna gyara mata suna dariya. Ba ta taɓa jin daɗin wurin kamar ranar ba. Ganin fuska ta sake, sai ta tambaye su zancen baɗi.

Maribel ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun makon jiya muka yi wa gonar maƙwabta alkawari. Da ma tun farko kika zauna."

Darasi: Iya yaren mutane bai isa ba, sai ka zauna inda suke zaune ka karɓi abin da suka miƙo maka. Tura wa wanda ke aiki cikin baƙi, ko zai gane da wuri.