Ƙyauren Rabo da Hannun Barakatu

Akwai wani mutum, Rabo sunansa, manomi ne daga wani ƙauye bayan Yankara. Da ɓarayin daji suka tashi ƙauyen, kowa ya ɗauki hatsi da awaki. Shi ƙyauren ɗakinsa ya ciro ya ɗaura a bayan mashin. Ubansa ne ya sassaƙa shi, katako ne dogo, busasshe, ba fenti.

A Ƙanƙara wani ɗan'uwa ya ba su ɗaki. Ɗakin da ƙofarsa ta ƙarfe, sai Rabo ya jingine ƙyauren a bango yana kaɗe masa ƙura.

Gona ta tafi, ciki bai tafi ba. Matarsa Barakatu ta kwaɓa laka ta gina tandar burodi mai zurfi a tsakar gida, ta fara gasawa ana sari. Da wannan burodin gidan ke ci.

Wanda bai taɓa gashin burodi ba ya saurara. Irin wannan tanda ba a sa mata hannu. Da katako ake tura gwangwanayen burodi ciki a jawo su, mai faɗin baki, siririn gaba, doguwar ƙota. Ɗanyen katako lanƙwashewa yake. Mai fenti yana ɓata burodi da wari. Na ƙarfe yana ɗaukar zafi ya kawo maka shi har tafin hannu. Ƙota kuwa dole ta kai ƙuryar tanda kana tsaye daga waje.

Barakatu ta zaga kasuwa ba ta samu ba. Wa zai shiga daji saran itace a wannan zamani? Guntaye kawai ta gani.

Ta ce, “Malam, ka ba ni falle ɗaya daga ƙyauren nan. Kafinta ya ce zai fitar mani da abin turawa.”

Rabo ya ce, “Mi? Ƙyauren ubana za a tsaga don burodi? In mun koma gida da mi zan rufe ɗaki, da gwangwaninki?”

“Malam, wuta na lasar mani hannu.”

“Ke dai akwai raki. Mata nawa ke gashi ba su mutu ba?”

Ya ciro guntun katako daga wani karyayyen benci ya miƙa mata. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Ta karɓa ta ci gaba da aiki da shi. Gashin hannunta ya ƙone tas, fata ta yi tabo-tabo. Yana gani, yana cin burodin da shayi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani gwangwani ya maƙale can ƙurya. Masu sari na jira a ƙofa. Ta zura guntun katakon bai kai ba, ta ƙara zura hannu har kafaɗa. Gyalen da ta yafa na roba ne. Ya kama da wuta, ya narke, ya manne mata daga yatsu zuwa wuya.

Ihunta ne ya fito da maƙwabta. Rabo yana majalisa yana ba da labarin gonarsa.

Da za a kai ta asibiti aka rasa abin ɗaukarta, don ba a iya taɓa jikin. Wata tsohuwa ta nuna bango ta ce, “Ga katako can yana zaman banza.” A kan ƙyauren aka kwantar da ita.

Ta rayu. Amma yatsun hannun dama sun warke a dunƙule, ba sa buɗewa.

Kafin a sallamo ta Rabo ya kai ƙyauren wurin kafinta. Aka fitar da abin turawa mai kyau, dogo, mara nauyi, an goge shi sumul. Ranar da ta dawo ya durƙusa ya miƙa mata.

“Barakatu, ga shi. Irin wanda kika ce.”

Ta duba shi daga baki har ƙota, ta ce, “Ya yi kyau.” Ta ɗaga masa hannun nan ya gani. “Da mi zan riƙe, Malam?”

Yanzu Rabo ne ke gashin. Ita tana zaune a kan tabarma tana ce masa tura, jawo, ya isa. Wuta ba ta taɓa lasarsa ba, don ƙotar ta kai. Sauran ƙyauren yana nan jingine da giɓi a tsakiya, ko akuya ba zai tsare ba.

Darasi: Idan mai aiki ya ce maka kayan aiki bai kai ba, ka ba shi a ranar. Abin da kake ajiya don gobe bai fi hannun da ke ciyar da kai yau ba. Ku tura wa mazan gidajenku su karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.