Fadar Tsakiyar Tafki

A layinmu akwai wani mutum da kowa ke kira Walƙiya. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Yana riƙe iyalinsa tsakani da Allah, mahaifiyarsa kuwa ko ruwa ta nema shi ke miƙa mata da hannunsa. Cutarsa ɗaya ce, ba ya iya jira. In kun haɗu a hanya, kafin ka gama cewa "yaya aiki" ya riga ya sha kwana.

Aikinsa ne ya ƙara lalata shi. Shi ne shugaban direbobi a wani kamfanin kai saƙo gida-gida. Yini yake a wani ɗan ofishi mai taga ɗaya, taswirar gari a bango, waya a kunne, kwalaye jibge har bakin ƙofa. Duk sabon direba, doka ɗaya yake fara koya masa: in ka ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba, kar ka tsaya, wuce gaba, ka biyo a dawowa. A wurin aiki dokar tana da amfani, ban musa ba. Matsalar ita ce shi har gida yake tahowa da ita.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, ta yi shekaru a kan keken ɗinki. Da tsufa ya zo sai zare ya fara ƙin shiga allura, daga baya ta fara karo da bakin tebur. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa. Ya ja Walƙiya gefe ya ce masa, "Ganin da ya rage mata kaɗan ne, kuma ba zai daɗe ba. In akwai abin da take son gani a duniya, a nuna mata tun da wuri."

Da suka dawo gida ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya ce, "Inna, me kike so ki gani?"

Ta yi dariya ta ce, "Ni da na ga jikata, me ya rage?" Sai kuma ta ce, "Akwai dai wani abu. Babanka, tun kafin a haife ka, aiki ya taɓa kai shi wata ƙasa mai sanyi. Ya ce ya ga wata tsohuwar fada ta farin dutse a tsakiyar tafki. Wai in rana ta fito sai ta zama biyu, ɗaya a sama, ɗaya kwance a cikin ruwa. Ya ba ni labarinta har na haddace tagoginta. Ya yi alkawarin zai kai ni, Allah bai nufa ba."

Walƙiya bai yi wata-wata ba. Ya ɗauki hutu, ya haɗa takardu, suka hau jirgi shi da Inna da matarsa da 'yarsu budurwa. Har nan ba wanda zai zarge shi. Amma da ya shimfiɗa taswirar ƙasar a gabansa, sai halin ya motsa. Ya ce tunda an zo nesa haka, asara ce a koma da abu ɗaya. Ya jera birane da gidajen tarihi da gadoji kamar gidajen da za a kai wa saƙo, fadar Inna ta zama ɗaya daga cikinsu.

Ƙasar kuwa ta yi kyau kamar a mafarki. Suka ratsa wani birni da ruwa ke bi ta tsakanin gidajensa, kwalekwale na wucewa a ƙarƙashin tagogi, furanni na zubowa daga baranda. Suka bi titunan da aka shimfiɗa da duwatsu masu santsi, inda ƙamshin burodi ke fitowa daga kowace kwana. Da suka fita karkara a motar da ya yi haya, gonaki masu rawayen fure suka bi su hagu da dama, shanu na kiwo a gindin tsaunuka da ƙararrawa a wuya, gajimare na sauka ƙasa-ƙasa har ka ce za ka iya taɓa shi. Inna takan manna goshinta a gilashin mota. Ganinta ya ƙuntata, kamar mai leƙe ta ramin makulli, sai ta juya kai a hankali kafin ta haɗa abu guda. Kafin ta gama haɗawa an wuce.

Jikarta takan tsokane ta, "Kaka, kin ga saniyar can mai kama da ke?"

"Ban gan ta ba, ƙawata. Na dai ga jelarta, ubanki ya gudu da sauran."

Sai a yi dariya, har da shi, amma ƙafarsa ba ta sauka daga kan totur ba.

Wata safiya suka iso bakin tafkin. Akwai wani ɗan masauki na katako a wurin, da baranda mai kallon ruwa, da kujeru da aka ɗora wa barguna. Sai dai ba tafki, ba fada. Wani farin hazo mai danshi ya sauka ya rufe komai. Ana jin ruwa na dukan duwatsu a hankali, ana jin kukan agwagi can ciki, amma ko tsawon hannu ba a gani.

Mai masaukin, wata dattijuwa mai jan kumatu, ta kawo musu shayi ta ce, "Ku zauna. Haka yake yi da safe. In rana ta ɗaga zai yaye."

"Yaushe?" in ji Walƙiya.

Ta ɗaga kafaɗa. "Ba ya faɗa wa kowa. Amma yana yayewa."

Inna ta zauna, jikarta ta lulluɓa mata bargo. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta fuskanci farin nan, fuskarta ta yi wani irin haske. Ta ce a hankali, "Tana nan ciki ke nan. Ina jin ta."

Walƙiya ya zagaya barandar. Ya duba agogo. Ya je mota ya dawo. Ya sake duba agogo. Can ya ce, "Wannan zama ba inda zai kai mu. Akwai birni a gabanmu, in muka makara za a rufe hasumiyarsa. Ta nan za mu biyo a dawowa, ai fada ba ta da ƙafa."

Matarsa ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baban yarinya, don Allah ka bar ta. Saboda wannan muka zo. Hasumiya ta sha zamanta."

"Ke ba ki san tsarin tafiya ba. In ƙofa ba ta buɗe ba, ba a tsayawa. Shekara nawa ina wannan aiki?"

Inna ta ji su. Irin iyayen nan ce da ba sa son a yi musu a kansu. Ta ajiye kofin ta ce, "Ku bari, kar ku yi faɗa. Auta, in ka ce za mu dawo, ai za mu dawo." Ta miƙe tana laluben hannun kujera. Har suka shiga mota kanta na waige.

Ni abin da ke ci mini rai ke nan duk sanda na tuna. Ba wanda ya kore su, ba ruwan sama, ba ciwo. Zama kawai aka nema a wurinsa, a kan kujera mai laushi, da shayi a hannu, ya kasa.

Suka ga hasumiyar. Suka ga wani birnin, da wani bayansa, domin duk inda aka je sai Walƙiya ya ji labarin wani wuri da yake "nan kusa". Kwanaki suka zube. Ranar da suka juyo, ita ce ta ƙarshe kafin jirginsu, kuma a hanya ma sai da ya ratse don wata tsohuwar gada. Da suka iso tafkin rana ta riga ta faɗi. Sama ta yi ja, ta koma toka-toka. Fadar tana nan tsaye a tsakiyar ruwa, su ukun suna ganinta dishi-dishi. Amma idon Inna ba ya aiki in haske ya ragu.

Ta tsaya a baranda tana juya kai. "Ina take?"

Jikarta ta kama hannunta ta nuna. "Ga ta can, Kaka, daidai yatsanki."

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Duhu nake gani, ƙawata."

Mai masaukin ta gane su. Ba da mugunta ba ta ce, "Ayya, ku ne na ranar nan. Ko kofunanku ban gama kwashewa ba hazon ya yaye. Ranar ta yi kyau ƙwarai."

Walƙiya ya sunkuyar da kai. Ya ce su kwana a gani da safe, amma jirgin na sassafe ne, filin jirgin kuma da nisa, ga maganin idon Inna ya ƙare. Ya durƙusa ya ce, "Inna, baɗi war haka zan dawo da ke. Ke kaɗai, wuri ɗaya."

Ta shafa kansa ta ce, "Allah Ya kai mu."

Allah Ya kai su, amma idon bai kai ba. Bayan 'yan watanni da komawarsu, wata safiya Inna ta tambayi surukarta me ya sa ba a buɗe labule ba, alhali rana ta cika ɗakin.

Duk da haka ya cika alkawari. Da shekara ta zagayo ya kai ta, su biyu. Ranar ba hazo ko kaɗan. Tafkin ya kwanta lumui, fadar ta fito fara fat, ga ta a sama, ga ta a cikin ruwa, tagoginta na ƙyalli. Ya zaunar da ita a barandar, ya gyara mata kujera ta fuskanci wurin.

Ta ce, "Ta fito?"

"Ta fito, Inna."

"Biyu ce, kamar yadda babanka ya faɗa?"

"Biyu ce."

Ta gyaɗa kai tana murmushi, fuskarta ta ɗan karkace wajen da ake ajiye motoci. Ya juyo ya dube ta. Ta ji yadda numfashinsa ya canza, ta lalubo hannunsa ta riƙe.

Ta ce, "To alhamdulillahi, ɗayanmu ya gani. Tashi mu je, Auta, kar in ɓata maka lokaci."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba kowace ƙofa ake samu a dawowa ba. Hanzari yana da wurinsa, amma akwai abin da zama da haƙuri kaɗai ke kawo shi. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. In wanda kake ƙauna ya roƙe ka ka ɗan jira, musamman tsoho ko marar lafiya, ka ajiye agogonka ka zauna tare da shi. Wuraren da kake gudun kar su wuce ka suna nan har gobe, shi ne ba ka da tabbacin gobensa.